Gidajen Riƙon Karnuka da Maguna Marasa Galihu: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan su ne tambayoyin da aka fi yi game da gidajen da ke karɓar karnuka da magunan da ba su da mai su. Ma'aunan da ke ƙasa su ne waɗanda likitocin dabbobi ke aiki da su a irin waɗannan wurare, amma dabbar da ke kwance ba lafiya sai likita ya gan ta da idonsa.

Mene ne ainihin aikin gidan riƙon dabbobi?

Ya karɓi dabba, ya duba lafiyarta, ya nemi mai ita idan ɓata ta yi, idan ba a same shi ba ya samo mata wani gida. Zango ne, ba mazauni ba. Gidan da dabbobi ke shiga ba sa fita ya riga ya fara lalacewa, komai kyan ginin.

Tsarin ya daɗe a Turai da Amurka. An kafa ƙungiyar kare dabbobi daga zalunci da ake kira RSPCA yanzu a Ingila a 1824, gidan karnuka na Battersea a Landan ya samo asali a 1860, takwararta ta Amurka, ASPCA, kuma a New York a 1866. A garuruwanmu irin waɗannan gidaje ba su da yawa. Galibi aikin yana hannun asibitocin dabbobi na gwamnati, da tsangayoyin koyar da likitancin dabbobi a jami'o'i, da ɗaiɗaikun mutane masu tara dabbobi a gidajensu don tausayi. Waɗannan na ƙarshe su suka fi buƙatar abin da ke tafe.

Me ake yi wa dabba a ranar da aka kawo ta?

Kafin ta shiga keji ana rubuta inda aka tsince ta, da ranar, da kamanninta, a ɗauki hotonta, a auna nauyinta, domin da nauyi ake lissafa kowane magani. A duba ko tana da 'yar na'urar shaida a ƙarƙashin fatar wuya, wadda girmanta bai wuce ƙwayar shinkafa ba, mai ɗauke da lamba 15. A Birtaniya dole ne kowane kare ya kasance da ita tun 2016. Sannan a duba zafin jiki (na kare da mage yana tsakanin 38 da 39.2 a ma'aunin Salsiyos), da dasashi ko ya yi fari, da ido, da hanci, da fata, a ga ko akwai kaska, ƙuma, ƙazwa ko makero.

Allurar rigakafi a ranar ake yin ta, ba gobe ba. Kare yana samun haɗin da ke kare shi daga farbo, mai sa amai da gudawar jini, da distemfa, mai farawa da majina da kwantsa ta ƙare da farfaɗiya. Mage tana samun haɗin da ke kare ta daga mura mai tsanani da kuma cutar da ke cinye fararen ƙwayoyin jininta. A gidan riƙo ana fara yi wa ƙanana tun suna da mako 4, a maimaita duk mako 2 har su kai kusan mako 20. Dalili shi ne kariyar da suka sha a nonon uwa tana hana allurar kamawa, kuma ba wanda ya san ranar da za ta ƙare a jikin kowane ɗaya. Manya sau biyu ake yi musu, da tazarar mako 2 zuwa 4. Rigakafin ciwon hauka, wato haukan kare, kuwa sai dabba ta kai wata 3.

Maganin tsutsar ciki ma a ranar ake bayarwa. Kwikwiyo ana fara masa tun yana da mako 2, a riƙa maimaitawa duk mako 2 har ya kai wata 3.

Me ya sa ake killace dabba alhali lafiyarta ƙalau a ido?

Cuta tana riga alamunta fitowa. Kwikwiyon da ya kwaso farbo zai iya yin kwanaki yana wasa, ya fara zubar da ƙwayar cutar a kashinsa tun kafin amai ya fara. Shi ya sa sabon zuwa, musamman daga unguwar da cutar ke yawo, ake ware shi har kwana 14. Ɗaki huɗu ne mafi ƙaranci: na sababbi, na marasa lafiya, na ƙanana, na masu jiran tafiya. Maguna kuma a inda ba sa ganin karnuka, ba sa jin haushinsu.

Na kai dabba an ce ba wuri, ga kuma fili ina gani. Ba rashin tausayi ba ne?

Wannan ce tambayar da ta fi ɓata wa mutane rai, kuma amsarta ce ginshiƙin aikin gaba ɗaya. Abin da ke iyakance gida ba fili ba ne, hannu ne da lokaci.

Ga lissafin. Yawan dabbobin da ke gida a kowace rana shi ne yawan masu shigowa a rana sau yawan kwanakin da kowace ke yi. Gidan da ke karɓar dabba 3 a rana, kowace tana yin kwana 20, zai riƙa ɗauke da dabba 60. Idan kwanakin suka koma 40, ko da masu shigowa ba su ƙaru ba, sai ga dabba 120 a wurin da aka gina don 60. Ma'aunin da aka saba amfani da shi shi ne minti 15 ga kowace dabba a rana, don shara da ciyarwa kawai. Dabba 60 awa 15 ke nan, aikin mutum biyu cur, ba a zo kan magani, wanka, fitar da karnuka su miƙe ƙafa, ko sauraron masu zuwa ɗauka ba.

Idan aka wuce iyaka, abin da ke biyo baya sananne ne kuma a jere yake zuwa. A fara haɗa dabba biyu ko uku a keji ɗaya. Shara ta koma ta gaggawa. Ƙarfafa su hana raunana abinci. Maguna su kamu da mura, domin ƙwayar cutar tana kwance a jikin da yawansu, damuwa ce ke tashe ta. Mai mura ba wanda zai ɗauke ta, sai kwanakinta su ƙaru, cunkoso ya daɗa yawa. A ƙarshe gidan da ya ƙi cewa a'a ga dabba 10 sai ya binne 30. Mutanen da ke tara maguna a gida don Allah sun fi kowa faɗawa wannan rami, saboda zuciyarsu ba ta iya mayar da ko ɗaya.

Gidan da ya san aikinsa ba korar ka zai yi hannu rabbana ba. Zai ce ka riƙe dabbar na mako biyu, ya yi mata allura, wataƙila ya ba ka abinci, ya sa ka a layi.

Wane irin ɗaki ya dace?

Daɓen siminti mai santsi da ɗan gangare zuwa kwata, ba ƙasa ba, ba katako ba. Ƙasa ba ta wankuwa: farbo yana iya yin watanni, har shekara, a cikinta yana jira. A yashi mai inuwa da fitsari ya jiƙa ne kuma wani ƙuda ke yin ƙwai, tsutsarsa ta huda fatar kwikwiyo ta zauna, a ga ƙuraje masu ɗan rami a tsakiya. Kowace kwata ta fita waje kai tsaye, kada ruwan keji ɗaya ya ratsa ta gaban wani.

Mage tana buƙatar aƙalla murabba'in mita 0.75, da wurin ɓuya ko da kwali ne, kuma a nisanta kwanon abincinta da kaskon kashinta. Kare a raba masa ɗaki biyu da ƙofa a tsakani, ya kwana a ɗaya ya yi bahaya a ɗaya, mai shara kuma ya wanke ba tare da ya taɓa shi ba.

A ƙasar zafi rufi ya fi bango muhimmanci. Kare ba ya gumi kamar mutum, da haki yake fitar da zafi, kuma kwano tsirara a watan Afrilu yana iya kashe shi da rana ɗaya. A sa silin ko a shimfiɗa zana a kan kwanon, a bar iska ta ratsa ta ɓangare biyu. Ruwan sha kamar mililita 50 zuwa 60 ne ga kowane kilo na nauyinsa a rana, da bazara ya fi haka nesa.

Da me ake wanke keji?

Mataki uku ne, kuma na tsakiya ake yawan tsallakewa. A kwashe kashi da ragowar abinci. A goge da sabulu da buroshi a ɗauraye. Sannan a zuba bilic, wato ruwan wankin nan mai sa tufafi fari. Bilic ba ya aiki a kan datti, kashi da maiƙo suna kashe ƙarfinsa, don haka wanda ya watsa shi a kan daɓe mai ƙazanta wari kawai ya canza.

Idan bilic ɗin mai ƙarfin kashi 5 cikin 100 ne, mililita 30 a lita ɗaya ta ruwa. Idan mai kashi 3.5 ne, kamar yawancin na kasuwanninmu, kusan mililita 50. A bar wurin a jiƙe minti 10, a ɗauraye, a bari ya bushe kafin dabba ta koma. A haɗa sabo kullum, domin rana da zafi suna lalata shi. Kada a gauraya shi da wani sinadarin wanki. Magungunan wanke daɓe masu ƙamshi da ke mayar da ruwa fari kamar madara, da yawansu ba sa kashe farbo, kuma guba ne ga mage.

Shara tana farawa daga ƙanana masu lafiya, sai manya, sai sababbi, marasa lafiya a ƙarshe. Kowane ɗaki da tsintsiyarsa da bokitinsa da takalminsa.

Kare ya rame har haƙarƙari ya fito. In cika masa kwano?

A'a. Jikin da ya daɗe da yunwa, idan abinci ya zo masa da yawa lokaci guda, gishirin da ke cikin jini yakan ruga cikin ƙwayoyin jiki, zuciya ta rikice, dabba ta mutu a kwana na uku ko na huɗu, daidai lokacin da ake murna ta fara ci. A fara da kashi ɗaya cikin uku na abin da ya kamata ya ci, a raba sau 4 zuwa 6 a rana, a riƙa ƙarawa a hankali cikin mako guda. Ya kasance mai nama ko ƙwai, ba tuwo zalla ba.

Ragowar abincin gida yana da nasa haɗarin: albasa da tafarnuwa suna fasa jajayen ƙwayoyin jini, dafaffen ƙashin kaza yana tsagewa ya huda hanji. Mage kuwa ba ta rayuwa a kan hatsi. Akwai sinadarin da sai a nama take samunsa, rashinsa yana makantar da ita ya kuma raunana zuciyarta.

Na tsinci 'ya'yan mage ba uwa. In kawo su?

Dakata tukuna. Yawancin lokaci uwar ta fita neman abinci ne, ko tana cikin kwashe su ɗaya-ɗaya zuwa wani wuri. Idan suna da tsabta, cikinsu a cike, suna barci a cure, ka ja da baya ka duba bayan awa 3 ko 4. Babu gidan riƙon da ya kai uwa iya renonsu, kuma jarirai su ne suka fi mutuwa a keji.

Idan sun yi sanyi, sun yi datti, suna ta kuka, to sai a ɗauka. Ɗumi ne farko: kwalbar ruwan ɗumi a naɗe da tsumma, ɗumin wurin ya kai kamar 30 a ma'aunin Salsiyos a makon farko. Kada a ba jaririn da jikinsa ya yi sanyi madara, cikinsa ba zai narkar ba. Madarar shanu da ta gwangwani suna sa su gudawa, akwai madarar gari da aka yi don maguna a shagunan kayan dabbobi. Jariri yana da kusan giram 100 a haihuwa, cikinsa yana ɗaukar kamar mililita 4 ga kowane giram 100, ana ba shi duk awa 2 zuwa 3 har da dare. A kwantar da shi rub da ciki, kada a rungume shi a rigingine kamar jaririn mutum, madarar za ta shiga huhu. Bayan kowane ci a shafa masa gindi da auduga mai ɗumi har ya yi fitsari, domin ba ya iya yi da kansa sai ya kai mako 3. A auna shi kullum: ƙarin giram 10 zuwa 15 a rana shi ne alamar lafiya. A mako na 4 ake fara gwada masa abinci mai laushi.

Zan iya ba su maganin mutane?

Farasitamol yana kashe mage, ko da ɓallin ƙwaya ɗaya. Ibuprofen da diclofenac suna huda cikin kare su lalata ƙodarsa. Maganin kaskar kare da aka rubuta permethrin a jikinsa, idan aka ɗiga wa mage, rawar jiki da farfaɗiya ne ke biyo baya. Maganin feshin gona da wasu ke yi wa kare wanka da shi yana iya kashe karen.

Idan karen titi ya ciji mutum fa?

A wanke ciwon nan take da sabulu da ruwa mai gudu har minti 15 cif, a agogo. Ba toka, ba barkono, ba ɗauri. Sannan a tafi asibiti a ranar don allurar rigakafin ciwon hauka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cutar tana kashe kusan mutum 59,000 a shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya, kuma kusan duka daga cizon kare. Da zarar alamu sun bayyana, kusan ba mai tashi.

Karen kuwa, idan ana iya kama shi ba tare da wani ya sake shan cizo ba, a tsare shi kwana 10. Idan yana da cutar a yawunsa lokacin cizon, zai nuna alamu ko ya mutu cikin kwanakin. Amma ba a jiran sakamakon kafin a fara allura. Idan an riga an kashe shi, kada a jefar ko a feɗe: ƙwaƙwalwarsa ake gwadawa, kuma Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato tana yin gwajin, tana kuma sarrafa allurar rigakafin karnuka. Duk mai aiki a gidan riƙo ya kamata ya karɓi tasa rigakafin tun kafin ya fara taɓa dabba.

Ba zai fi sauƙi a zuba guba a huta da karnukan titi ba?

An gwada sau da yawa. A 1910 hukumomin Istanbul sun kwashe dubban karnuka suka zube a wani tsibiri da ba ruwa ba abinci, suka mutu a can, titunan birnin kuma suka sake cika. Yawan karnukan unguwa yana bin yawan abincin da ke bola da mahauta ne. Idan aka kashe wasu, waɗanda suka rage sun sami ƙarin abinci, 'ya'yansu sun fi rayuwa, baƙi kuma sun shigo daga maƙwabta, ba wanda aka yi wa allura a cikinsu. Gubar ma ba ta zaɓe: tana cin karen da ke da mai shi, da mage, da ungulu, wani lokaci da yaro.

Abin da ke tsayar da ciwon hauka shi ne a yi wa aƙalla kashi 70 cikin 100 na karnukan wuri allura, a kuma maimaita. A N'Djamena an yi irin wannan gangami a 2012 da 2013, cutar ta yi ƙasa ƙwarai a birnin, daga baya ta dawo ta hanyar karnukan da aka shigo da su daga waje. Darasin shi ne ba aikin shekara ɗaya ba ne.

Me ya sa nake ganin maguna da yankakken kunne?

Alama ce cewa an kama ta, an yi mata aikin hana haihuwa da allura, an mayar da ita inda take. Ana yanke kamar santimita ɗaya a saman kunne, galibi na hagu, tana cikin maganin barci, don kada a sake kama ta. Mage tana iya ɗaukar ciki tun tana da wata 4, cikin yana yin kusan kwana 63 zuwa 65, kuma tana iya haihuwa sau 2 ko 3 a shekara. Babu adadin kejin da zai cim ma wannan. Muzuru fiɗiya ake yi masa, aikin mintuna kaɗan. Mace buɗe ciki ake yi a cire mahaifa, tana buƙatar 'yan kwanaki ana lura da ɗinkin. Indiya ta mayar da wannan tsari doka ga karnukan titi tun 2001. Magen da ta girma ba ta saba da mutum ba, keji azaba ne a gare ta, mayar da ita ya fi.

Musulmi zai iya yin wannan aiki?

Hadisan da Bukhari da Muslim suka ruwaito sanannu ne: matar da aka azabtar saboda magen da ta tsare ba ci ba sha, da mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa. A mazhabar Malikiyya kare mai rai ba najasa ba ne. Maganar ajiye kare a gida ba don gadi, farauta ko kiwo ba, da maganar fiɗiye dabba, malamai sun yi saɓani a kansu, sai mutum ya tambayi malaminsa.

Gaskiya ne ana kashe dabbobi a waɗannan gidaje?

Ana yi. Dabbar da ke shan wahalar da ba magani, ko wadda ta nuna alamun ciwon hauka, ko karen da ya zama haɗari ga mutane, likita yana ba ta maganin barci sannan allura mai tsayar da zuciya. A Amurka ma gidajen da ake ce wa marasa kisa, ma'auninsu shi ne kashi 90 cikin 100 su fita da rai. Abin tambaya ga kowane gida shi ne nawa suka shigo, nawa suka fita, ta wace hanya. Wanda ba shi da rajistar da zai nuna, a yi hattara da shi.

Ina son in ɗauki ɗaya. Me za a tambaye ni?

Ko mutanen gida sun yarda, ko mai gidan haya ya yarda, inda dabbar za ta kwana, da wanda zai ciyar da ita idan ka yi tafiya. Ka karɓi katin allurarta ka duba ranar ta gaba. Kada ka karɓi ɗan da bai kai mako 8 ba. Mage a rufe ta a ɗaki ɗaya mako 2 zuwa 3 kafin a bar ta ta zaga, in ba haka ba za ta kama hanyar inda ta fito. Kare kada a ɗaure shi da gajeriyar sarƙa yini da kwana, hakan ne ke mayar da shi mai cizo. Yara a koya musu kada su taɓa shi yana ci ko yana barci. Idan abin bai yiwu ba, ka mayar da dabbar gidan, kada ka kai ta bayan gari ka sauke.

Wane taimako ya fi amfani?

Riƙon ƙwarya: ka ɗauki uwa da 'ya'yanta, ko mai jinya, ka riƙe a gidanka mako 4 zuwa 8, gidan yana ba ka abinci da magani. Keji ɗaya ya samu ke nan, ƙananan kuma sun tsira daga cututtukan cunkoso. Bayan wannan sai kuɗin allura da na tiyata, sai bilic, sabulu, kwanonin ƙarfe da tsofaffin tawul. Kwanon roba yana karcewa, ƙwayar cuta ta maƙale a cikin karcen, katifa kuma ba ta wankuwa, don haka yawancin gidaje ba sa karɓarsu. Ka kira ka tambaya kafin ka sayi buhun abinci, domin sauya wa dabbobi abinci kwatsam yana sa su gudawa, kuma gudawa a gidan riƙo sai an ware mai ita an gwada ta kafin a tabbatar ba farbo ba ne.